Hannun da Na Aika Bawku

Ni ban so wayar shafa ba. Tsohuwar wayata mai maɓalli ta yi mini shekaru. In ta yi ƙara in danna kore, in na gama in danna ja, shi ke nan. Ta faɗa ruwa a Makango muna loda doyar da za ta haye Yeji. Na je in sayi irinta, abokan sana'a suka dame ni, wai matan Kumasi yanzu ba sa sayen doyar da ba su ga hotonta ba. Na sayi ta shafa. Ta yi wata biyu a aljihuna, kira kawai nake amsawa. Shi ma sai na shafa sau uku, domin yatsuna sun yi kanta, gilashin ba ya jin su.

Ba doya ce ta sa na koyi abin ba. Yayana ne.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa. Shi ya koma Bawku tun yana saurayi, yana harkar albasa. Ni na zauna Salaga da tsohuwa har ta rasu. Ta rasu da hantsi, muka kai ta bayan azahar, kamar yadda ake yi. Yaya yana hanya. Ya iso ya tarar mutane sun dawo suna wanke ƙafa. A gaban masu zaman makoki ya ce na rufe ta kamar ba ta da wani ɗa. Ni kuma na ce masa yana ina duk watannin da nake juya ta a shimfiɗa. Ya yi kwana uku ya tafi. Shekara shida ke nan, ba kira, ba saƙo. In an yi suna ko biki a dangi, kowa ya zaɓi nasa benci.

'Yar kawunmu da ke Yendi ce ta gaya mini. Tobashiyata ce, sa'ata, tana sayar da atamfa a bakin kasuwa. Na biya ta shagonta ina jiran lorin masara ta cika, sai ta ce, "Ka ji Yaya ya faɗi?"

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Harshe ya yi nauyi. Ba ya karɓar kira, domin da an ce masa "me ka ce?" sai ransa ya ɓaci ya ture wayar. Amma saƙon murya da mutane ke bari, matarsa takan ɗora masa wayar a ƙirji, ya saurara, wani har sau uku.

"Kowa ya aika," in ji ta. "Har mai gadin sitonsa ya aika. Saura kai."

"Ban iya ba."

"Kawo wayar, baƙauye. Dubi abu mai kyau a hannun mai doya. Ka taɓa wanke hannun nan kuwa?"

"Ki koya mini ko ki ba ni abina, tsohuwa."

Ta zaunar da ni a kan dilar atamfa. Ta ce in ja yatsa daga sama zuwa ƙasa. Na ja, ba abin da ya motsa. Ta ce in bar turawa kamar mai tura amalanke, in shafa kamar ina shafa kan jariri. Wani labule ya sauko. Ta nuna mini wasu kibiyoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

"Wannan ita ce data. Famfo ce. Ka buɗe, ruwa ya zo. Ka gama, ka rufe, in ba haka ba ka wayi gari randa ba komai."

Daga nan ta kai ni koriyar alamar nan da kowa ke hira a cikinta. Ta nemo Yaya. Hotonsa ya fito, ya sa farar hula, ya yi furfurar da ban san da ita ba. Na daɗe ina kallo. Ta juya ta auna wa wata mata yadi.

Da ta dawo ta nuna mini wani ɗan abu a ƙasa mai kama da taɓarya. In danne shi, in yi magana, in saki, saƙo ya tafi. In na fasa, in ja yatsa hagu ya faɗa kwandon shara. Ta ce in gwada da ita. Na danne na ce, "Halo? Halo?" na tsaya ina jira. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Wa kake jira? Ba kowa a ciki. Kai kaɗai za ka yi ta surutu kamar mahaukacin tasha."

Ta nuna mini 'yan ƙugiyoyin da ke fitowa a gefen saƙo. Ɗaya, lori ta tashi. Biyu, ta isa. In suka yi shuɗi, an sauke kaya, mai shi ya gani. Wannan na gane da wuri. A ƙarshe ta buɗe mini wani akwati cike da ƙananan hotuna, fuskoki da hannuwa da su furanni, ta ce in baki ya gaza akan aika ɗaya daga ciki. Yaron mota bai kira ba, direban da kansa ya leƙo ya ce in ba zan tafi ba su za su tafi. Na tashi.

A Salaga na yi kwana huɗu ina fama. Bayan azahar, in kasuwa ta yi sanyi, sai in zauna a rumfar doya in buɗe famfo in danne taɓarya. "Salamu alaikum, Yaya." Sai in yi shiru. Ni ban san yadda ake gaida mutum ba tare da ya amsa ba. Ka ce ina wuni, ya ce lafiya, sannan ka samu ƙafar cewa yaya jiki. To nan ba lafiya, ba komai, sai wani ɗan agogo yana ƙirga shirunka. Kuma bayan yaya jiki me zan ce? Sai in ja hagu. Kwandon sharar nan ya ci sallamata ta fi ashirin.

Rana ta biyar na gaji. Na ce bari in aika hoton nan, ya dai san na san yana kwance.

Kada wani ya ce ban yi tunani ba. Na yi tunani sosai. Fuska mai dariya ba a aika wa babba, balle marar lafiya. Jar zuciya, wannan aikin samari ne. Akwai hannu biyu a haɗe, na ce wannan irin addu'ar mutanen coci ce. Akwai babban yatsa a tsaye, shi kam na kauce masa da gangan, domin na ga yadda ake dambe a kasuwar Kumasi a kan yatsan nan, zagi ne a can. Sai na ga hannu ɗaya a ɗage, rawaya, ɗan ƙarami. Na bar tabarauna a gida. Abin da na gani shi ne yadda mutum kan ɗaga wa babba hannu in ya wuce shi a kan moto, wato babur. Na ce yauwa, gaisuwa daga nesa. Na danna. Na saba gilashin ba ya jina sai sau uku, saboda haka na danna sau uku. Ranar kuwa ya ji duka ukun.

Ƙugiya ɗaya, biyu, suka yi shuɗi. Na rufe famfo, na sa waya a aljihu, har na sayi koko na sha da daɗin rai.

Bayan la'asar matar Yaya ta kira. Shekara shida ban ji muryarta ba. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Malam, me muka yi maka?"

"Hajiya, lafiya?"

"Mutum yana kwance, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Na ga sunanka ya fito, na yi murna, na kai masa har gaban idonsa. Sai daƙuwa. Ba ɗaya ba, uku."

Na ciro wayar daga kunne, na nemo saƙon, na miƙa hannu nesa yadda idona zai gani. Yatsu biyar a ware, tafin yana kallon mai karɓa. Uku a jere. Duk wanda aka haifa a Zango ya san abin da wannan hannu ke faɗi, kuma ya san wa ake zagi da shi.

Na ce, "Hajiya, ai uwar tamu ɗaya ce."

"Shi ya sa. Da wani ne ya aiko, da dariya zai yi. Ya juya fuska bango tun ɗazu, ko magani ya ƙi karɓa."

Na ce gaisuwa ce. Ta ce a garinsu ba a gaisuwa haka, kuma ba ta jin ana yi a Salaga. Ta kashe.

Na kira tobashiyata. Ta fara dariya, ta ce dama ta san mai doya ba zai shiga intanet ya fito lafiya ba. Da na ce mata ya ƙi shan magani, dariyar ta tsaya.

"Akwai yadda ake gogewa," in ji ta. "Ka danne saƙon, kwando zai fito, ka zaɓi na goge wa kowa. Amma ya riga ya gani. Kuma wurin zai nuna an goge wani abu, sai ya zama kamar ka yi jifa ka ɓoye hannu."

"To in yi yaya?"

"Ka yi abin da na zaunar da kai na koya maka. Bakinka ciwo yake?"

Na goge dai, domin ba zan iya barin abin nan a ƙarƙashin hotonsa ba. Sai na zagaya bayan rumfa inda ake tara ruɓaɓɓiyar doya, ba mai zuwa wurin sai awaki. Na danne taɓarya. Wannan karon ban jira amsa ba, tsoro ya hana ni.

Na ce, Yaya ni ne. Na ce hannun nan gaisuwa na nufa, ban sa tabarau ba, kuma ni jaki ne a kan wayar nan, kowa ya sani. Yatsana ya zame, saƙo ya tafi a haka, ya ƙare a kan jaki. Na sake dannewa. Na ce ban taɓa zagin tsohuwa ba tana raye, ba zan fara tana kabari ba. Ya sake zamewa. Na sake. Na ce ranar da ta rasu liman ya ce rana tana yi, kada a ajiye ta, ni kuma na gaji, kwana da kwanaki ban yi barci ba, ban ce a jira ba. Da na ce a jira, da an jira. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Na ce maganar da na faɗa a gaban mutane ma bai kamata ba, na san shi ke aiko abin da ake jinyarta da shi. Na ce ya sha magani.

Guntu-guntu saƙon ya tafi, guda bakwai, akuya tana kuka a cikin biyu.

Suka isa, ba su yi shuɗi ba. Ranar ban rufe famfo ba, washegari ma haka, har datar ta ƙare na sake sa wata. Ina cikin ciniki sai in ciro waya in duba. Wani mai saye ya tambaye ni ko mata nake nema.

Rana ta uku da safe suka yi shuɗi, duka bakwai. Ba amsa. Sai da azahar wani saƙo ya shigo, gajere. Na kai kunne. Motsin tabarma, muryar Hajiya tana cewa "yi magana, yana ɗauka," sai numfashi, sai wata murya mai nauyi kamar ta mai tuwo a baki. Na saurara sau biyar kafin na raba kalmomin.

"Surutu ya yi yawa. Ka zo."

Hanyar Bawku ba ta da daɗi a shekarun nan, kowa ya sani. Na bi ta Tamale, na kwana Bolga wurin wani abokin ciniki, da safe na ƙarasa. Ƙugu na ciwo, ƙafa ta kumbura. Hajiya ta karɓe ni ba yabo ba fallasa, ta kawo ruwa, ta nuna mini ɗakin.

Ya rame. Hoton wayar ma tsoho ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ka. Na zauna ina jira ya ɗauko maganar, ko ta hannun ko ta tsohuwa. Bai ɗauko ko ɗaya ba. Rediyon maƙwabta yana ta yi. Can ya kai hannun hagu ya shafa kansa, gashi ya taru, fari fat, ya dube ni.

Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Wanzami ya zo sau biyu, ya kore shi. Wai yana juya masa wuya kamar rago."

Na ce ta kawo reza da sabulu da ruwan ɗumi. Na tallafe shi na jingina shi da bango, na sa masa tsumma a kafaɗa. Ban taɓa yi wa kowa aski ba. Na fara daga ƙeya, a hankali, ina riƙe da kunnensa. Na ɗan yanke shi a bayan kunnen. Ya yi tsaki, ya faɗi wata kalma da ban ji ba. Na ce, "Me ka ce, Yaya?" Hajiya ta zaro ido.

Bai ture ni ba. Ya sake faɗa, a hankali. Cewa ya yi in jiƙa wurin tukuna.