Dakta Na'Allah da Amsar Gaisuwa

Na'Allah ɗan Dingyaɗi taubashina ne, don haka ina da damar faɗin abin da na so a kansa. Tun muna yara, in ka ce masa zo, sai ya tambaye ka dalili. Wannan ciwon ne ya kai shi har Ingila, ya dawo da digirin dakta a falsafa, ya kama koyarwa a jami'a a Sakkwato shekarar da farar hula suka karɓi mulki.

Bincikensa a kan gaskiya da ƙarya yake. Ba ƙaryar 'yan siyasa ba, wadda ko akuya ta sani, ta gaisuwa. Wai don me mutum zai kwana da zazzaɓi, a ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau? Ya yi ta rubuce-rubuce, ya je taro har Ibadan, ƙarshe ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai ƙara amsa gaisuwa da abin da ba haka yake ba.

Mu muka sha kunya. A kasuwar Shagari wani dattijo ya ce masa, "Dakta, ina gajiya?"

"Akwai ta, Baba. Ga ta nan ga ƙugu, tun Boɗinga."

Tsoho ya saki hannunsa, ya yi gaba. Ba a jima ba mutane suka koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, sabulu da madara suka yi ɓatan dabo, soja suka dawo, aka shiga rage ma'aikata. Falsafa ba tuwo ba ce, aka sallami Na'Allah. A makon ne kuma jikin mahaifiyarsa, Inna Hasiya, ya tsananta. Ni na ɗauko shi a babur zuwa wurinta, ina fargaba, don na san halinsa, ita kuwa ba ta da abin alfahari da ya wuce aikin nan nasa.

Ya durƙusa a bakin tabarmarta, ta lalubo hannunsa.

"Na'Allah, kai na? Ina aiki?"

Ya dube ni, ya dube ta.

"Aiki da godiya, Inna."

"Lahiya dai?"

"Lahiya lau."

"Madalla. Kai dai na san ba ka ƙarya," in ji ta, ta gyara kwanciya.

A hanyar komawa na buɗe baki zan tsokane shi, ga dama ta samu, sai na ji bayan rigata ya jiƙe da hawayensa. Tausayinsa ya kama ni, na ja bakina na yi shiru har Boɗinga.