Kumfa a Cikin Kaki

Shekarar da ƙanena ya dawo daga birnin Madani, ni kaɗai ne maƙerin azurfa a ƙauyenmu, kusa da Abu Na'ama. Ya yi shekara shida yana aiki a shagon wani mai zubin zinariya, ya dawo da gemu, da Larabci a baki, da mazubin roba na fitar da siffar kaki a jaka. Na ba shi gefen rumfata.

Ana cikin tsinkar auduga wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta taso daga hawasharta, wato gonarta ta bakin ruwa, ta kwance bakin mayafi. Gutsattsarin awarwaron mahaifiyarta ne a ciki. Tana son a narka a zuba mata sabo.

Ƙanena ya ce, "Yaya, bar mani wanga, kafin la'asar na gama."

Na bar masa. Ya ɗora kakin zuma a wuta mai ƙarfi, yana motsawa da tsinke har ya yi kumfa, ya kwarara a mazubin da sanyinsa. Da ya ɓare siffar, sumul take a ido. Har ya ɗauko yumɓu zai lulluɓe ta, na riƙe hannunsa.

"Ɗaga ta ga rana tukuna."

Ya ɗaga. Ga ƙwayoyin iska nan cikin kakin, jere kamar ƙwan kifi.

"Ai ciki suke, ba a ganinsu," in ji shi.

Na ce, "Azurfa ba ta rufa wa kowa asiri. Inda duk kaki ya bar rami, ita ma rami za ta bari. Haka za ka ba Inna awarwaro mai zanzana?"

Bai ji daɗi ba, amma ya matsa. Na kwashe rabin garwashin, na bar kakin ya narke a hankali ba tare da na taɓa shi ba. Muka sha shayi yana kwantawa, kumfar ta taso sama na yaɗe ta. Na ɗumama mazubin, na karkata shi, na zuba ta gefe siriri, ina ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale na huda ta da allura mai zafi, na cike gurbin. Haka mahaifinmu yake yi, kuma ban taɓa ganin hanyar ta ba da kunya ba.

Muka lulluɓe siffar da yumɓu, sai washegari muka gasa shi kakin ya tsiyaye, muka zuba azurfar a gurbinsa. Da muka fasa yumɓun, ƙanena ne ya fara shafa awarwaron da babban yatsa, ya zagaya shi sau biyu.

Dattijuwar ta zura shi a hannu, ta juya shi. Can ta ce, "Nauyinsa ɗaya da na uwata. Allah shi yi albarka."

Mazubin robar kuwa na karɓe shi, don ya fi nawa fitar da zane. Har yau da shi muke aiki.