Kan famfon Gwaggo Hauwa

Gwaggona Hauwa mai tuyar kisra ce, wato faffaɗar wainar dawa, a ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama, kuma ba ta mantuwa. Ni ma ban ce ta manta ba.

Shekara tara ke nan da mijinta Mato ya rasu da hantsi. Randa ba ko ɗigo, ga gawa tana jiran wanka. A layinmu gidan Zamzam maƙwabciyarta kaɗai ke da famfo, wato masura, irin wanda ake cire kansa a ɓoye. Gwaggo ta je da jarka biyu. Zamzam ta leƙo ta ce, "Malesh, yi haƙuri, Hauwa, kan masura ya ɓace." Ƙarya ce tsagwaronta, sun yi cacar baki ne kan akuya. Gwaggo ta gangara kogi da ƙafa, tana kuka tana ɗiba.

Da aka jawo mana ruwa gida-gida bara, na raka ta kasuwar Sinnar. Mai shago ya baje mana famfuna masu dogon wuya, masu walƙiya kamar sabon faranti, ya ce irinsu Zamzam ta saya wa madafinta. Gwaggo ta leƙa bakin ɗaya, ta ga 'yar rariya a ciki, ta taɓe baki.

"Wagga ba ta san ruwan kogi da damina ba. Ba ni na tagulla, mai faɗin baki, wanda ake cire kai."

Mummuna ne, wallahi, har na ji kunyar ɗauko shi. Ta zura kan a zare ta rataya a wuya.

Damina ta zo, ruwa ya koma ja, laka ta toshe ɗan gayun Zamzam ranar sunan jikanta, gida cike da baƙi. Sai ga ta a ƙofarmu da jarka, tana kallon ƙasa. Na so a kore ta, ban ɓoye ba.

Gwaggo ta zaro kan daga wuya a hankali, ta cika jarkar, ta hana Zamzam taɓawa. Ita ta ɗora a ka, ta ratsa layi, ta dire a tsakiyar matan suna, waɗanda duk sun halarci jana'izar Mato.

"Ga ruwa, Zamzam," ta ce da ƙarfi. "In ma na wankan gawa kika so wata rana, ki zo. Kan nawa ba ya ɓacewa."