Takardun Baba a Gafakar Malam

Asubar fari muka bar Kano, ni da ƙanena, a wata bas ɗin Ɗambatta da sai an tura take tashi. Kuɗin mota ya ninka na bara, kwandasta kuma ko a jikinsa. Motocin hatsi na ta nufar Dawanau, mu kuwa ko koko ba mu sha ba.

Takardun mahaifinmu ne suka fito da mu. Baba ya daɗe yana limancin cocin Angilikan, rana ɗaya ya ajiye ya koma Katolika. Can kuma ba su ba shi limanci ba, saboda yana da iyali. Aka karɓe gidan coci, muka koma ƙauye a shekarar da fari ya cinye gero. Wallahi na girma ina jin haushinsa. Bai taɓa gaya mana dalili ba, sai dai kullum ka gan shi yana rubutu a littattafan 'yan makaranta. Bayan rasuwarsa muka watse. Makon jiya aka aiko cewa ruwa ya rushe ɗakinsa, wai har an ga takardun wurin mai ƙosai.

Daga Ɗambatta muka hau babur, gona na manne da gona, dawa ta kai kan mutum. Ina sauka na nufi mai ƙosan, na tambaye ta takardun. Ta kwashe da dariya, ta ce ai Malam ya karɓe su tun ranar farko.

Malam maƙwabcinmu ne, mai koyar da Alƙur'ani. Shi da Baba sun ƙare ƙuruciyarsu suna musun addini a gindin darbejiya. Bayan mun gaisa, ya sa ƙanena ya sauko da gafaka biyu daga rufin zaure, irin jakar fatar da ake adana Alƙur'ani.

Na ce, "Malam, ka san abin da ke ciki kuwa?"

Ya ce, "Ni ban iya boko ba, 'yata. Na dai sa malamin firamare ya duba min, ya ce kowane shafi da sunan Allah. Takarda mai sunan Allah a naɗe ƙosai da ita? Ina raye?"

Littafi goma sha ɗaya cif, ko gara ba ta taɓa ba! Nan na zauna a tabarma na karanta. Ashe Baba shekaru ya yi yana nazarin tarihin cocin farko, har ya kasa tsayawa gaban jama'a yana wa'azin abin da zuciyarsa ta bari. A littafi na huɗu na ga sunana. Yana roƙon Allah ya sa in yafe masa yunwar waccan shekarar fari. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

La'asar sakaliya muka dawo gida Kano, ina rungume da gafaka kamar wadda ta ɗauko amarya. Tafiyar nan ta nuna min mai musu da kai kan iya fin kowa riƙe maka amana. Mahaifiyarmu ta tarye mu a ƙofa, ta ce, "Kun samo?"

Na ce, "Mun samo, Inna. Kuma na yafe masa."