Ciwon da Inna Ta Ɗauke Mini

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ina ɗalibar aikin jinya, muna haya ni da ƙawata a Gyaɗi-Gyaɗi. Wata rana malamarmu, tsohuwar sista mai kaushin murya, ta rubuta compassion a allo. Ta ce daga Latin Bature ya aro kalmar, asalin ma'anarta kuwa ka sha wahala tare da mai shan ta. 'Yan aji suna ta rubutu, ni kuwa na ajiye biro, don wallahi kamar mahaifiyata take kwatantawa.

Inna ba ta zuwa dubiya ta dawo lafiya. Ta dafa mai ciwon kai ta ce sannu, sai ta dawo gida Tarauni da ɗaurarren kai, shi kuwa ya miƙe yana neman tuwo. Ni 'yar boko na sha yi mata faɗa: "Inna, sa wa rai ne kawai." Sai ta ce in miƙo mata man zafi.

Da ciwo ya kama ni a gefen ciki na dama, na rantsar da ƙawata kada labari ya je Tarauni. Inna ta tsufa, ga hawan jini. Na san in ta ɗauki wannan ba za ta kai ba. Kwana uku ina murƙususu, allura ba ta yi mini komai ba. Ran na huɗu da hantsi na farka sakayau, kamar an zare mini ƙaya. Ina cikin mamaki na ji sallama ƙasa-ƙasa.

Inna ce a bakin ƙofa, leɓɓanta sun bushe, ta dafe gefen cikinta na dama.

Tsoro ya sa na daka mata tsawa. "Kada ki taɓa ni, Inna. Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini, 'yar nan?" Ta zauna a bakin katifa da ƙyar. "Tun asuba ciwon ya dawo wajena. Zuwa na yi in ga ko ya bar miki saura."

Da kaina na kai ta asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Kwana tara ina riƙe da hannunta, ina dafa wurin, ina roƙon Allah ya maido mini da abina. Ko ɗis ban ji ba har ta cika.