Gejin zafi a jikin gilashi

Aikin nan ya wahalar da ni. Sati bakwai na kwashe a kansa, na ƙona yatsa biyu, na ɓata da mai ɗakina, duk a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

Ni direba ne. Motar haya nake ja daga Dutse zuwa Kafin Hausa, wata tsohuwa mai dogon baya, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kaya a but. Ba tawa ba ce, ta wani Alhaji ce mai shagon siminti a cikin gari. Shekara tara ke nan makullinta yana aljihuna. Boko aji huɗu na yi na gudu, allo kuwa na ɗan taɓa. In ka raba ni da sitiyari ban san abin da zan yi ba. Gona ma tun ina saurayi na bar wa ƙannena.

Idona ne ya fara cin amanata. Ba na nesa ba. Akuya in ta leƙo daga cikin gero can gaba, ni nake riga fasinja ganinta. Na kusa ne ya tafi. Agogunan da ke bayan sitiyari suka koma kamar an shafa musu koko. Agogon gudu bai dame ni ba, kunnena yana gaya mini. Mai kuma na san abin da na zuba. Gejin zafi ne matsalar, allurarsa siririya ce, motar kuma mai son tafasa ce.

Bara da bazara ta tafasa a hanya ban gani ba, sai da hayaƙi ya turnuƙe. Gaskit ya ƙone. Na ce wa Alhaji gejin ne ya mutu. Ƙarya na yi, lafiyarsa ƙalau. Ya biya aka gyara, sannan ya kira ni shago ya ce, "Malam, wannan na ɗauka. In ta sake tafasa a hannunka kada ka zo mini da bayani. Makulli za ka kawo."

Na sayi tabarau a tire a kasuwar Shuwarin. In na saka ina ganin allurar tar, amma titi ya zama hazo. In na cire titi ya dawo, allurar ta ɓace. Ba ka tuƙi kana saka tabarau kana cirewa, fasinja na kallonka. A tasharmu kuwa, ranar da aka ce idon direba ya taɓu, ranar kamasho zai fara tura mutane motar bayanka. Na cusa tabarau ɗin ƙarƙashin kujera.

Daga nan na daina samun natsuwa. Ina tuƙi ina shinshina iska. Ko wani ya kunna taba a bakin titi sai in ce injin ne.

Wata rana muna jiran lodi na ajiye takardar tasha a kan dashbod. Na ɗaga kai sai na ga inuwarta a jikin gilashin gaba, kamar tana rataye a saman bonet. Lambar da na kasa karantawa a hannuna, ga ta can ina gani, sai dai a birkice. Na daɗe ina kallo. Na ce to, in takarda za ta hau gilashi, geji ma zai hau.

Na je wurin mai wayarin mota, abokina ne tun muna kwandasta. Na ce ya samo mini gejin zafi na gwangwan, wanda aka ciro daga matacciyar mota, babba, ya ja masa waya daga injin zuwa saman dashbod, ya kwantar da shi yana kallon sama.

"Yana kallon sama? Wa zai karanta, mala'iku?"

"Kai dai ja wayar."

"Jirgi za ka mayar da ita ke nan. Tsoho da kai, ka fara ado irin na 'yan adaidaita."

"Ubanka ne tsoho. Za ka yi ko in tafi gaba?"

Ya yi. Da ya gama ya tsaya yana goge hannu yana kallon idona, sannan ya ce, "Allah ya sa a dace."

Ban ɗora shi daidai gaban sitiyari ba, don wurin tudu ne, zamewa yake. A tsakiya ya zauna, ɗan dama da ni. Ran farko da asuba ya fito a gilashi kyakkyawa. Rana na ɗagowa ya ɓace ɓat. Ranar Jigawa ba ta barin inuwar komai a gilashi. Sai na gane sai ya fi ranar haske, ko kuma a rage mata ƙarfi. Na kwance tocilan mai ɗakina, wadda take shiga kicin da ita, na cire ƙananan ƙwayayen na jera su kewaye da gejin. Wurin liƙa wayoyin ne dalma ta zubo mini a yatsa biyu. Ita kuwa kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta bakin yara. Ta ce mutum ya rasa abin da zai lalata sai tocilan da ake ganin tuwonsa da ita. Ban gaya mata dalili ba. Ita ma ba ta san maganar idon ba.

Na samo guntun baƙar leda irin wadda ake manna wa gilashin manyan motoci, na yanka daidai tafin hannu, na manna a inda inuwar take faɗawa. Ya ɗan fito. Na fasa babban gwangwanin madara na yi masa rumfa, bango uku, gaba da sama a buɗe kaɗan, don rana ta daina dukansa ta gefe. Gam ya narke a sati guda, na koma buga ƙusa. Rami ɗaya a hanyar Kiyawa ya wurgo shi cinyar wani fasinja, na ce masa abin rediyo ne.

Sai birkicewar. In na kwantar da shi haka, ya fito kai a ƙasa. In na juya shi, ya miƙe, amma hagu ta koma dama. Kwana biyu ina juyawa a ƙofar gida kamar mai gasa masara. Daga ƙarshe na ce ai ni ɗan allo ne, daga dama na fara koyon karatu, a bar shi haka. Na buɗe murfin na shafa wa allurar farin fenti, na ɗiga ja a gefen zafi. Don kada bakin gwangwanin ya yanki mutum, na naɗe shi da wani koren ƙyalle mai sheƙi da ya rage daga ɗinkin salla.

Ya yi aiki. Kwana goma sha ɗaya ina tuƙi ga titi ga allura a wuri ɗaya, ba sunkuyawa. Na fara cin abinci da daɗi. Har waƙa na tsinci kaina ina yi.

Rana ta goma sha biyu, lodin azahar, zafi kamar ana hura wuta. Kamasho ya kawo wani dattijon malami, fari fat da gemu, ya zaunar da shi a tsakiya kusa da giyar mota, wani ɗan kasuwa mai jiki ya zauna ta bakin ƙofa. Malamin yana rataye da gafaka, jakar fatar nan da ake saka Alƙur'ani. Ga ƙullin kaya a cinyarsa. Ya duba ƙasa, ya duba gefe, sai idonsa ya sauka a kan rumfata mai koren ƙyalle. Ya yi bisimilla ya ɗora gafakar a kai. Ta zauna daram kamar don ita aka auna.

Ya juyo ya ce, "Kai, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na shiga motoci da yawa, ban taɓa ganin direban da ya tanadar wa Littafi wurin zama ba."

Mutanen baya suka ce amin. Ɗan kasuwan ya ce, "Ai shi wannan direban mutumin kirki ne."

Na ce amin ni ma. Me zan ce? Dattijo ya sa maka albarka a gaban mutum biyar, sai ka ce masa ya sauke Alƙur'ani don gwangwanin madara? In na ce geji ne a ƙasa, tambaya ta gaba ita ce me ya sami na bayan sitiyari. Na tayar da mota, gilashi ba komai sai baƙar leda.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Kafin Kiyawa rigata ta jiƙe. Na rage gudu, na baya suka fara tsaki. Na tsaya na ce zan duba taya, na zagaya na ɗora hannu a bonet, amma a wannan rana ko motar da aka ajiye ma bonet ɗinta wuta ne. Gaba kaɗan na sake tsayawa na ce fitsari. Wata Hajiya a baya, mai kai atamfa Kafin Hausa duk sati, kowa a tasha ya san bakinta, ta ce, "Direba, yau kunun wa ka sha? Mu fa kasuwa za mu, ba yawon gaisuwa ba."

"Hajiya, a yi haƙuri."

"Haƙurin ne ya kawo mu nan. Taka mota."

Na taka. Malam yana jan carbi, hankalinsa kwance. Ni ina satar kallon gafakar ina addu'a rami ya ɗan gusar da ita, sannan in yi istigfari a kan addu'ar. Na sunkuya na matse ido a kan gejin asali, ba na ganin komai sai fari-fari.

Mun wuce Jahun da kaɗan na ji wari. Ban tabbata ba. Yana iya zama wani ne yake ƙona shara a gona. In na tsaya a banza karo na uku, Hajiya za ta cinye ni. In na ci gaba kuma motar ce take ƙonewa, makulli ya tafi. Na yi kamar minti biyu a haka, hannuna yana zamewa a sitiyari.

Na ce, "Allah gafarta Malam, don Allah leƙo nan. Ƙaramin agogon nan na gefe, ina allurarsa take?"

Ya miƙo wuya. "Wannan? Ta kusa taɓa jan nan."

Na gangara gefen titi na kashe. Ina ɗaga bonet tururi ya tashi, amma kaɗan. Tiyon lagireto ne ya tsage a wuya, ruwa yana tsiyaya. Injin bai kai ga ƙonewa ba. Na jira ya huce, na yanke bakin tiyon na mayar na ɗaure, na juye jarkar ruwa.

Fasinjoji sun fito suna tsaye a inuwar wata bishiyar bedi. Na ji muryar Hajiya tun kafin in rufe bonet.

"Ku tsaya. Agogon yana gaban hancinsa, sai da ya tambayi tsoho? Au, direban namu ba ya gani ne?"

"Ina gani, Hajiya. Na kusa ne kawai."

"Na kusa ne kawai! Mu da muke kusa da kai fa?"

Aka yi dariya, har da ɗan kasuwan da ya ce ni mutumin kirki ne. Malam bai yi ba. Ya tambaye ni yadda nake yi kullum. Na gaji da ɓoyo, na ce masa abin da ya ɗora gafaka a kai geji ne. Ya koma mota ya ɗaga ta da hannu biyu, na murɗa makulli, farar allura ta fito a gilashi. Ya daɗe yana kallo, yana kai hannu yana janyewa.

"Kai ka haɗa wannan?"

"Ni ne."

"To me ya hana ka faɗa tun a tasha?"

"Kun riga kun sa mini albarka, Malam."

Ya yi murmushi. "Ba zan janye ba." Ya rungume gafakar a ƙirji, a saman ƙullin kayansa. Da muka hau hanya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Motar taka ce?" Na ce a'a. "Mai ita ya sani?" Na ce a'a.

Na dawo Dutse bayan la'asar. Ina shiga tasha kamasho ya tare ni, ya ɗaga yatsa uku dab da fuskata ya ce, "Direba, nawa ne nan?" 'Yan benci suka fashe. Hajiya tana da waya, ba sai ta dawo ba labari ya riga ni isowa. Na san shagon Alhaji bai fi tafiyar minti goma daga tasha ba, kuma direban tifarsa a nan yake shan shayi.

Da na isa gida na gaya wa mai ɗakina komai. Ta ce, "Shi ne ka kashe mini tocila maimakon ka buɗe baki?"

Washegari ban je lodi ba. Na kai motar ƙofar shagon siminti tun ba a buɗe ba, na zauna a kan bulo. Da Alhaji ya iso muka gaisa, na ce masa gejin bara bai mutu ba, idona ne. Na nuna masa abin da na haɗa. Ya shiga ya zauna a kujerata, ya kunna, ya kalli gilashin, ya kashe. Ya zare makullin ya saka a aljihunsa.

"Je asibiti su duba ka. Abin da suka ce, ka zo ka faɗa mini yadda suka faɗa."

"In sun ce ba gyara fa?"

"Je ka tukuna."

Na bar motar a nan, gilashinta a zuge. Na tari adaidaita zuwa asibiti, na tambayi ɓangaren ido, na yanki kati. Mutum goma sha wani abu ne a gabana, yawancinsu tsofaffi. Na zauna a ƙarshen benci.