Ranar da Gwaggo Delu Ta Mayar da Ni Kwaleji

Ku da kuka san Gwaggo Delu ta Kawo, yayar mahaifina, kun san ba ta karɓar abu sai ta shinshina shi. Goro, atamfa, jaririn maƙwabta, duk sai sun bi ta hancinta. Ranar da na iso Kaduna daga makarantar Midil ta Zariya zan shiga kwaleji, littafin lissafina ta fara ɗauka. Ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Sani, wannan ba shi da ƙamshin alheri. Za ka sha wuya."

Na kuwa sha. Turancin malamanmu ta hanci yake fita, ni da na saba zuwa na ɗaya sai ga ni a ƙarshen aji. Ga cokali mai yatsu a ɗakin cin abinci: in caki nama, ya yi tsalle ya faɗa kwanon wani. Da na kai mata kuka ran Lahadi, sai ta aika aka aro cokalin a gidan wani akawu. Ta juya shi, ta ƙirga haƙoransa.

"Allah ya ba ka yatsu biyar, sun karɓe sun ba ka huɗu. To, ai sai ka koya."

Ta zuba min tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, ta zauna a bakin ƙofa. Ban tashi ba sai da kwanon ya ƙare, rigata kuwa ta fi ni ƙoshi.

Amma abin da har yau nake jinjinawa shi ne ranar da na gudu. Na faɗi jarrabawar farko, na haɗa akwatina, na je gidanta na ce mata Zariya zan koma, karatu ya ƙare. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba ni fura na sha, ta yi gammo, ta ɗora akwatin ƙarfen nan a kanta, ta kama hanya. Tsohuwa da ciwon gwiwa, a ƙasa, tun daga Kawo har kwaleji. Ina binta ina roƙo, ko waiwaye babu.

Ofishin shugaban makaranta ta nufa, Baturen da ko malamai ke rage murya in sun zo ƙofarsa. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta dire akwatin, ta dubi mai yi wa Baturen tafinta.

"Gaya masa na dawo masa da ajiyarsa."

Baturen ya tambaya ita wace ce.

"Ce masa ni ce mai yaron. Aro na ba shi."

Sai Baturen ya ce hukuncin gudu yankan ciyawa ne na sati guda.

"Guda?" in ji Gwaggo. "Bai san Sani ba. Ya mai da shi biyu."

Wallahi na ga Baturen nan ya miƙe ya raka ta har ƙofa.

A waje ta cusa min dakuwa a aljihu, ta rage murya. "Ni ma da na fara zuwa garin nan na sha kuka, kuma ba wanda ya rako ni. Kai ga shi an rako ka. Shiga."

Na shiga, ban ƙara fita ba sai da takardar gamawa.

Allah ya jiƙan Gwaggo Delu. Yadda ta ɗauke min kaya ran nan, Allah ya ɗauke mata nata, ya sanyaya makwancinta. Amin.